Sifirin Ranau da Reshen Tsamiya

Ranar Juma'a aka yi satar, rana na tsakar ka, liman na kan huɗuba. Kafin a sallame salla, falle shida na sifirin mota sun bar tashar Funtuwa kamar ƙasa ta haɗiye su. Shekara uku ke nan da Turawa suka miƙa mulki, kuma tsakiyar kakar auduga ce, lokacin da direba kan fifita ƙarfen motarsa a kan haƙarƙarinsa.

Ni ne Labo ɗan Tsohuwa, mai bin sawu. Ban san baƙi ba, ban san boko ba, amma ƙasa ba ta taɓa rubuta abin da na kasa karantawa ba. Yunwa ta zo ta same ni, ta gaji ta wuce. Sanƙarau ya kwashe mutum tara a gidanmu, ya dube ni ya canza hanya. Ga tabon kibiyar ɓarawon shanu nan a cinyata, shi kuwa mai kibiyar ya daɗe da zama ƙasa. Na faɗi wannan ne don a san wanda aka aika wa ranar nan.

Ga wanda bai sani ba, sifirin su ne fallayen ƙarfen nan masu lanƙwasa da ake jerawa kan juna a ƙarƙashin lori, su ke ɗaukar nauyi. Waɗanda mota ke zuwa da su an yi su ne don hanya mai santsi. Tamu kuwa gargada ce zalla. Lori in ta sha auduga sai ta tsuguna ta baya kamar kura, direba na lallaɓa ta. Ya kuskura ya taka wuta, ɓas, falle ya karye, ya kwana biyu a daji.

Mutum ɗaya ne ya samo maganin abin. Ranau sunansa, Bamaguje, maƙeri daga ƙauyen Kwanar Tsamiya a hanyar Malumfashi. Ya bar ƙirar fartanya ya kafa rumfa a bayan tasha. Sai ya samo fallayen matattun motoci, ya gasa, ya sake lanƙwasa su, ya shayar da su baƙin mai, ya ƙara uku a kowane gefe. Sau ɗaya ya gwada, a motar wani mai jigilar gyaɗa ta hanyar Gusau, labarin ya cika tasha: motar ba ta tsuguno, ba ta tsoron rami. A cikin masu auduga Alhaji Maitama ne ya riga kowa sa aiki. Wata guda Ranau na kan wuta. Ranar Alhamis ya gama, ya jera su a rumfa har da ƙusoshin ɗaurinsu. Ranar Juma'a suka ɓace.

*

Ina gonata aka zo kirana, don haka sai bayan la'asar na iso. Na tarar ƙafa ɗari ta tattake bakin rumfar, an yaye rufinta, an kwashe uwar maƙera da masaba an kai zauren Alhaji. Ranau na zaune a ƙasa, hannu a ɗaure, wani kofur na 'yan doka tsaye a kansa.

"Baba Labo," in ji Alhaji Maitama, "ba sai ka wahala ba. Ɓarawo ga shi a hannu. Inda ya ɓoye kawai za ka nemo mini."

"Wa ya gan shi?"

"Sai an gani? Kowa na masallaci. Wa ya rage a tasha in ban da wanda goshinsa bai san ƙasa ba?"

Jama'a suka ɗauka: "Shi ne! Ya sayar wa wani ne!"

Na tsuguna gaban Ranau. "Kai fa, ina kake?"

"Gawayi na je saye bayan gari, Baba. Duk Juma'a lokacin nake zuwa, tunda ba aiki."

"Wa ka gamu da shi?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta daɗi ba. "Ai sun faɗa maka. Kowa na masallaci."

Kofur ya ce alƙali zai zauna Litinin bayan azahar. In kayan ba su fito ba, Ranau zai ga cikin gidan yari, in ya fito kuma ba shi ba tashar Funtuwa.

Na miƙe na dogara sandata. "Alhaji, ni sawu nake bi, ba bakin wanda ya aike ni ba. In ya kai ni gidan Ranau, zan faɗa. In ya kai ni ƙofar ɗakinka, nan ma zan faɗa, kuma da ƙarfi."

Wani bakanike ya ce daga baya, "Tsoho, wannan fa ba saniya ba ce. Ƙarfe ba ya kashi a hanya."

Aka yi dariya. Na bari ta lafa, na ce, "Ƙarfe ba shi da ƙafa, ɗan nan, shi ya sa sai an ɗauke shi. Mai ɗauka kuwa yana da biyu. Ka je ka wanke fuska, baƙin mai ya shiga idonka."

*

Sun ce ba kowa a tasha. A lissafin maza ke nan. Ni na san akwai wadda ba ta zuwa Juma'a kuma ba ta barin tukunyarta. Na zagaya rumfar Inna Ladidi mai tuwo.

"Ladidi, sannu da wuta."

"Labo, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki riga ni, in ci sadakar uku. Me kika gani da rana?"

"Ni fa ba wanda ya tambaye ni."

"Ga shi na tambaye ki."

Ta ajiye muciya. Ta ce ba ta ga komai ba, tana bayan zana tana wanke-wanke. Amma ta ji ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe sau uku, da tazara tsakani, kamar mutum na ɗauka yana dawowa. Kafin nan, da ta fito zubar da ruwa, ta ga jakin Sada maƙerin adda ɗaure a gindin darbejiya. Motoci kuma uku ne kusa da rumfar: ta Alhaji da ke ɗage kan jak tana jiran aiki, ta Ɗan Sabuwa, da ta Yusufu. Biyun nan duk sun fita kafin la'asar, ba wanda ya leƙa cikinsu.

"Don me za a leƙa?" in ji ta. "Ai sun riga sun kama nasu."

"Ɗan Sabuwa, wanne?"

"Mai bakin nan. Wanda ya zagi Ranau ran Laraba har ya ce sai ya ga bayansa."

"Yusufu fa?"

"Kai, Yusufu? Yaron kirki. Bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba."

*

Da safiyar Asabar na ɗauki sawun jakin. Ƙafar dama ta baya tana ɗan ja, kuma ya nutse a ƙasa sosai, alamar ya ɗauki nauyi. Zuciyata ta ce an gama. Kowa ya san maƙeran adda na mutuwar son ƙarfen sifirin, don ba abin da ya kai shi riƙe kaifi. Na bi shi ta bayan kasuwa, ta tsallaken rafi, har ƙofar maƙerar Sada.

Na tarar da shi yana zuga. Na ce, "Sada, jakinka ya yi nauyi jiya."

"Ya yi. Dutsen wasa na ɗauko."

Ya nuna mini. Ga dutse kuwa, sabo, kusan girman turmi. Na shiga na birkita maƙerar duk da haka, yana tsaye yana huci. Guntun sifirin ɗaya na samu, tsoho, tsatsa ta ci rabinsa.

"Ranau ne ya ba ni da hannunsa tun bara," in ji shi. "Baba Labo, don kana da furfura ne. Maƙeri ya saci aikin maƙeri? Wuta ma sai ta ƙi kama masa."

Na ba shi haƙuri. Ba na jin kunyar faɗa, sawun jaki ya cinye mini rabin yini.

*

Ɗan Sabuwa na same shi a layin gidan gurzar auduga, yana zaune kan bonet yana shan rake. Ƙato ne, muryarsa kamar an buga garwa.

"An ce ka zagi Ranau."

"Na zage shi, gobe ma in zage shi. Na ce ya yi mini irin na Alhaji, ya ce in bi layi. Ni zai ce wa in bi layi?"

"Kana ina lokacin salla?"

"Sahu na biyu, bayan ladan. Je ka tambaye shi, ni na taka masa rawani."

Ya diro, ya kama hannuna ya ja ni ƙarƙashin motar. Ga ta a tsugune da kaya, falle ɗaya ma a tsage, an naɗe shi da waya.

"Dubi nan, tsoho. In da ni na ɗauka, zan yi ta yawo da wannan karayar? Ai da tuni ka ji ni a Malumfashi kafin ka gama tofar da goronka."

Mai baki ne, amma ba shi ba ne. Kare mai haushi da yawa ba shi ke ɗauke nama ba.

Da yamma Alhaji ya tare ni a bakin tasha. "Yini guda, me ka samo? Dutse da rake? Na ce maka ka je ƙauyensu. A rumbunsa ya ɓoye."

"Zan je, Alhaji. Ba don ka ce ba, don nan ne ya rage ban duba ba."

*

Lahadi da safe ina tsaye bakin hanya sai ga lori ba kaya ta tsaya. Yusufu ne, fari siriri, hula a karkace, direban da shekara da shekaru ba wanda ke riga shi shiga layin gurza.

"Baba, ina zuwa? Hau mana, ai hanyata ce. Fulotin auduga na Kwanar Tsamiya za ni."

Fuloti shi ne filin da manoma ke kai audugarsu a auna, motoci su kwasa. Na hau. Ya miƙo mini goro, ya tambayi cinyata, ya ce abin da ya sami Ranau ya ba shi tausayi ƙwarai. Na tambaye shi Juma'a. Ya ce ya ɗan makara, sahun ƙarshe ya samu, kuma jiya da safe motar ta ɗan ba shi wahala a hanya, shi ya sa ban gan shi a layi ba.

Motar kuwa ta yi ta jifa da ni kamar ɗanyen doki. Kaina ya bugi rufi sau uku. Na ce, "Ɗan nan, ƙashina na tsufa ne." Ya ce, "Haka take in ba kaya, Baba." Ni da ban cika hawa mota ba, na yarda. Ya sauke ni bakin ƙauye ya wuce.

Baturiya, matar Ranau, ta san abin da ya kawo ni. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe mini ɗaki, ta buɗe rumbu, ta ɗage murfin randa.

"Duba nan ma, Baba. Ko ka duba cikin tulu? Wataƙila ya narkar da su mun sha."

Dawa na gani, da gero, da barkono. Na fito. Saura yini ɗaya, ni da na cika baki gaban tasha ba ni da komai a hannu. Na je gindin tsamiyar da ke bakin hanya na zauna.

Tsamiyar nan ita ta ba ƙauyen suna. Mutanen Ranau a gindinta suke yanka in damina ta kusa, kuma ba a taɓa sa mata gatari ba. Tana da wani ƙaton reshe da ya gitta saman hanya. Direbobi sun kai ƙara sun gaji a sare shi, dattawan ƙauye suka ce sai dai a fara sare su. Don haka duk motar da ke ɗaukar auduga a fulotin nan, buhu hawa bakwai ake jera mata, ba a ƙarawa. Hawa bakwai, mota ta tsuguna, ta wuce ƙarƙashin reshen da tazarar taƙi ɗaya. Kowane direba ya san wannan kamar sunansa, ba ya ko ɗaga kai.

Ina zaune ina kallon ƙasa, kamar yadda na saba shekara hamsin. Shanu sun bi sun share sawun tayoyi. Sai wani ɗan farin abu ya sauko a hankali ya zauna a kan gwiwata. Auduga.

Na ɗaga kai.

A jikin reshen, daidai tsakiyar hanya, ɓawo ya saluɓe, ciwon ɗanye shar. Ga tsumman buhu a maƙale, ga auduga ta yi masa gemu.

Baturiya ta biyo ni da ruwa a ƙwarya. Na nuna mata. Ta ce, "Jiya ne da la'asar. Muna masussuka muka ji ƙara, kafin mu zo motar ta wuce. Tsofaffi sun ce mugun abu ne, wai don an ɗaure ɗanta ne ta zubar da jini."

Ban sha ruwan ba. Na ɗingisa zuwa fuloti, na ja shugaban 'yan lodi gefe, wani baƙin dattijo mai wuya kamar na sa.

"Jiya wa kuka yi wa hawa takwas?"

"Takwas? Haram. Ba a taɓa yi ba a filin nan. Bakwai ne, kowa bakwai."

"Kowa?"

Ya sosa ƙeya. "To, in ban da abin mamaki na yau. Tun ina saurayi nake lodi, ban taɓa jin direba ya ce a rage masa kaya ba sai ɗazu. Yusufu ya ce shida ta ishe shi."

A nan ƙashin bayana ya tuna mini da dukan da ya sha da safe. Na yi dariya har 'yan lodi suka ɗauka tsufa ne ya taɓa ni.

*

Na koma Funtuwa a motar gyaɗa, na sami Alhaji da kofur kafin magariba. Ban faɗa musu suna ba. Na ce gobe da sassafe su zo Kwanar Tsamiya da Ranau, a motar Ɗan Sabuwa, kuma kafin azahar za su dawo da ɓarawo.

"Ai da shi za mu tafi," in ji Alhaji.

"Da shi za ku tafi, da wani za ku dawo."

Kofur ya ce ba a yawo da ɗaurarre bisa maganar baka. Na ɗora sandata a kan cinyarsa. Sandar nan ta ubana ce, da ita na kamo ɓarayin da ban san adadinsu ba.

"Riƙe. In na yi ƙarya, ka karya ta a gaban tasha, ka haɗa ni da Ranau igiya ɗaya."

Ya juya ta, ya dube ni, ya ce to.

*

Litinin da hantsi fuloti ya cika. Ga Alhaji cikin babbar riga, ga kofur riƙe da igiyar Ranau, ga Ɗan Sabuwa na surutu, har Sada ya biyo mu don ya ga wanda ya ja aka birkita masa maƙera. Dattawan ƙauye sun jeru a gindin tsamiya, Baturiya na tsaye bayansu. Yusufu ya riga mu zuwa, an gama masa lodi yana ɗaure igiya. Da ya ga kofur hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Na ce, "Jama'a, motar Ɗan Sabuwa da ta Yusufu iri ɗaya ce?"

Aka ce iri ɗaya ce, kafinta ɗaya ma ya yi musu bodi.

"Hawa nawa ke wuce reshen can?"

"Bakwai!"

"A yi wa Ɗan Sabuwa bakwai."

Aka yi. Motar ta tsuguna tana nishi. Ya ja ta ya wuce ƙarƙashin reshen, ga sarari ana hangen sama ta tsakani. Ya leƙo ta taga yana ihu, "An gani? A sake faɗin sunana!"

Na juya. "Yusufu, naka nawa?"

"Shida, Baba."

"Kai da ba a riga ka layi? A cika masa."

"Tayata ce ba ta da ƙarfi."

Ɗan Sabuwa ya dawo a ƙafa, ya kai wa tayar duka da ƙafa. "Wannan? Ta fi goshina tauri."

Kofur ya ce a cika. 'Yan lodi suka jera hawa na bakwai. Kowa ya zuba ido yana jiran motar ta tsuguna. Ta ɗan motsa kaɗan, ta tsaya ƙyam kamar budurwar da ta ɗauki tulu. Surutu ya fara mutuwa.

"Bismilla," na ce. "Hanya taka ce."

Ya hau. Ya tayar. Ya taho a hankali, a hankali, kamar mai tafiya kan ƙaya. Saura kamu ɗaya tsakanin buhun sama da reshen, ya taka birki. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa komai. Buhun na daidai da ciwon da ke jikin itacen, kamar an auna da zare.

"Taka mana, ɗan nan," na ce. "Shekaranjiya ai ba ka tsaya ba."

Ya kashe mota, ya kifa kai a kan sitiyari.

Na juya ga jama'a. "Ya sa ƙarfen Ranau da safiyar Asabar, can a daji. Ya shafe shi da laka da baƙin mai, ya yi dabara. Da la'asar ya zo aka yi masa bakwai kamar kullum, ya taho kamar kullum, bai ɗaga kai ba, don ba direban da ke ɗaga kai a nan. Ya tuna da idon mutane, ya manta motar ta daina tsuguno."

Kofur ya kwance Ranau. Ranau bai ko murza hannunsa ba, ya shige ƙarƙashin motar, ya kankare laka da farce. A bakin kowane falle ga zane uku, irin tsagar da ke kumatunsa. Ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya har shida, yana bugun kowanne da dutse.

"Alhaji," ya ce daga ƙasa, "sunkuyo ka gani. Ko rigar ba ta sunkuyo?"

Alhaji ya sunkuya.

Da aka sauko da Yusufu, bai yi musu ba. Ya ce, "Shekara takwas ba wanda ya riga ni. Na roƙi Ranau ya fara yi mini, ya ce sai ya gama na Alhaji. In motar Alhaji ta hau hanya da su, ni na zama na baya." Sannan ya dube ni. "Da na san haka ne, da ban ɗauke ka ba jiya."

"Da ka bar ni a ƙasa ma, ɗan nan, itacen nan ya riga ya ba da shaida. Ni dai na zo karɓa ne."

Kofur ya ɗaura masa igiyar da ya kwance, ya miƙo mini sandata da hannu biyu.

*

Alhaji ya gyara murya. Ya ce to, Allah ya bayyana gaskiya, abin da ya wuce ya wuce. Ranau ya kwance fallayen ya zo ya sa a motarsa gobe, don kaka na tafiya.

Ranau ya karkaɗe ƙasa daga wandonsa. "Uwar maƙerata da masabata suna zaurenka."

"Zan sa a kai maka."

"Wanda ya sa aka ɗauke, shi zai tsaya a mayar, a gaban tasha. A kuma rufa mini rumfata."

Alhaji ya dubi dattawan da ke gindin tsamiya, ya ce to.

"Sannan ba gobe zan sa ba. Sai Juma'a, lokacin salla. Ka bar mutum ɗaya ya tsare ni, kada in sace."

Ɗan Sabuwa ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Baturiya ta rangaɗa guɗa. Juma'ar kuwa aka sa.

Kafin kaka ta ƙare, rabin motocin auduga sun bi layin Ranau, har da mai bakin nan. Duk suka daina tsuguno, duk suka kasa wuce reshen da hawa bakwai. Direbobi suka sake taruwa a je a sare shi. Ranau ya ce duk wanda ya ɗauki gatari, ya nemi wanda zai taɓa masa mota. Ba wanda ya ɗauka. Su da kansu suka zo da diga da shebur suka fasa hanya ta bayan itacen.

In ka bi ta Kwanar Tsamiya ka ga hanya ta yi gwiwa ba dalili, kada ka zargi mai zane. Reshen na nan, tabonsa na nan. Ni ma ina nan da nawa. Wancan bakaniken da ya ce ƙarfe ba ya kashi a hanya, ni na bi gawarsa da wannan sandar, kuma ban gaji a hanyar maƙabarta ba.